Daga Audugar Rimi Zuwa Soso

Kafin soso ya shigo ƙasar Hausa, a kan bishiya ake samo taushin shimfiɗa. Da rani, idan 'ya'yan rimi suka bushe suka tsage, sai a ga farar auduga tana yawo a iska, yara na bi suna tsinta. Santsinta ya hana ta kaɗuwa a mazari, amma wajen cika katifa da matashi babu kamarta: ga rashin nauyi, ga ba ta saurin shan ruwa. Har yau sunan bishiyar yana nan a Rimin Tsiwa ta Zariya da Kasuwar Rimi ta Kano.

Katifar rimi ba a yar da ita don ta kwanta. Mai gyara zai farke ɗinkin, ya zazzage audugar, ya shanya ta a rana, ya yi ta bugu da tsumagiya har ta tashi, ya ƙara sabuwa, sannan ya ɗinke da basilla. Dukawa ma da rimin suke cika tumtum na jar fatar akuya, irin wanda sarakuna da attajirai ke kishingiɗa a kai.

Sai zamani ya juya. A 1937 wani Bajamushe, Otto Bayer, ya gano sinadarin da daga baya aka riƙa yin soso da shi. A 1959 iyalan Moukarim suka buɗe masana'antar gadajen ƙarfe da kayan ɗaki a Kano, wadda ta zama tushen kamfanin katifar soso na Mouka, a 1962 kuma aka kafa takwaransa Vitafoam. Ɗakin amarya ya tashi daga gadon kara zuwa na ƙarfe mai rumfa, daga nan sai na katako da saitin kushin.

Sana'ar gyara kuwa kayan aiki kawai ta sauya. Mai gyaran kushin na yau yakan kifa kujera, ya zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa katakon ya ji ko gara ta ci. Idan da lafiyarsa, sai ya ɗaure sabuwar roba, ya yanka soso daidai mazauni, ya ja yadi har ya miƙe babu tattara. Ana gab da sallah layin tsofaffin kujeru kan cika ƙofar shagonsa, wasu tun na auren uwa, za a gyara wa 'yarta.