Lyle Thompson: ɗan ƙabilar Onondaga da ya yi fice a wasan lakros

Lyle Thompson ƙwararren ɗan wasan lakros ne, wanda aka haifa ranar 9 ga Satumba, 1992. Ya tashi ne a yankin ƙabilar Onondaga da ke kusa da birnin Syracuse a jihar New York ta Amurka. Onondaga ɗaya ce daga cikin ƙabilu shida na ƙawancen Haudenosaunee, waɗanda Turawa suka fi sani da Iroquois. Su ne 'yan asalin wannan yanki, kuma iyakar Amurka da Kanada ta ratsa ƙasarsu.

Yadda wasan yake

Ana buga lakros da sanda mai 'yar raga a kai. Da ita ɗan wasa ke cafe ƙaramar ƙwallon roba, ya ruga da ita, ya miƙa wa abokinsa ko ya jefa cikin ragar abokan hamayya. A fili, kowane ɓangare yana da 'yan wasa 10. A rufaffen zaure kuwa 6 ne. Ana ba ɗan wasa maki ɗaya idan ya ci ƙwallo, ɗaya kuma idan ya taimaka aka ci. Sunan ya samo asali ne daga Faransanci, "la crosse", wato sanda mai lanƙwasa. Amma wasan kansa na 'yan asalin Arewacin Amurka ne, kuma Haudenosaunee suna ɗaukarsa kyauta daga Mahalicci da hanyar neman waraka.

Shekarun jami'a

Thompson ya buga wa Jami'ar Albany wasa daga 2012 zuwa 2015. A 2014 ya tara maki 128 a kaka ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba kafin lokacin a babban rukunin jami'o'in Amurka. A shekarar ne aka raba kyautar Tewaaraton, wadda ake bai wa gwarzon ɗan wasan jami'a, tsakaninsa da yayansa Miles. Su ne 'yan asalin ƙasar na farko da suka karɓe ta. Lyle ya sake lashe ta shi kaɗai a 2015, ya kuma kammala jami'a da maki 400.

Wasan ƙwararru

A 2015 ƙungiyoyi biyu suka ɗauke shi a matsayin zaɓi na farko: Florida Launch a gasar fili ta MLL, da Georgia Swarm a gasar zaure ta NLL. A 2017 Swarm ta ci kofin NLL, shi kuma aka zaɓe shi gwarzon kakar. A 2019 ya maimaita irin wannan a fili: ya ɗauki kofin MLL tare da Chesapeake Bayhawks, ya zama gwarzon shekara. Bayan MLL ta haɗe da gasar PLL a ƙarshen 2020, ya koma buga wa Cannons. 'Yan'uwansa uku, Jeremy da Jerome da Miles, su ma ƙwararrun 'yan wasan ne.

Batun kitso

Thompson yana barin doguwar suma da yake kitsewa a baya, bisa al'adar mutanensa. A Janairun 2019, ana tsakiyar wasa a Philadelphia, mai sanarwa a filin ya yi kira ta lasifika da a yanke masa kitson. Maganar ta yi zafi saboda tarihi: a makarantun kwana da gwamnatocin Amurka da Kanada suka tura yaran 'yan asalin ƙasar, aske musu suma na cikin matakan farko na raba su da harshensu da al'adunsu. Mai sanarwar ya nemi gafara, kuma ya rasa aikinsa.

Tuta da fasfo

A gasannin duniya Thompson ba ya buga wa Amurka wasa. Tawagar Haudenosaunee yake wakilta, wadda ke shiga gasa da tutarta, kuma 'yan wasanta suna tafiya da fasfon al'ummarsu. Wannan fasfo ya sha jawo musu cikas. A 2010 Birtaniya ta ƙi amincewa da shi, lamarin da ya hana tawagar zuwa gasar duniya a Manchester. Tare da Thompson, tawagar ta samu lambar tagulla a 2014 da 2018 da 2023. Da aka fitar da jerin waɗanda za su je gasar World Games ta 2022 a Birmingham ta jihar Alabama, babu sunansu a ciki. Sai da Ireland ta janye don kanta ta bar musu gurbinta.

Lakros zai dawo wasannin Olamfik a Los Angeles a 2028, bayan rabonsa da zama wasan lambar yabo tun 1908. Ƙa'idar kwamitin Olamfik na duniya ita ce, masu kwamitin ƙasa da aka amince da shi ne kawai ke tura tawaga, kuma Haudenosaunee ba su da shi. A Disambar 2023 shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya bayyana goyon bayansa ga a bar su su shiga da tutarsu.