Dokokin Gini a Gangaren Tsaunukan Hong Kong

Dokokin gini a gangaren tsaunukan Hong Kong ƙa'idoji ne da gwamnatin yankin ta shimfiɗa domin kare rayuka daga zaftarewar ƙasa. Yawancin yankin tuddai ne, shimfiɗaɗɗen fili ya yi ƙaranci, ga mamakon ruwa da damina. Saboda haka gidaje da hanyoyi da dama a jikin gangare aka gina su.

Tarihi

Ranar 18 ga Yuni 1972 ƙasa ta zaftare a unguwar Sau Mau Ping, mutum 71 suka rasu. Da daren ranar wata zaftarewar ta rusa wani dogon bene a kusa da titin Po Shan, ta hallaka mutum 67. A 1976 masifar ta sake aukuwa a Sau Mau Ping, ta ci rayuka 18. Wannan ya sa a 1977 gwamnati ta kafa ofishin injiniyoyi na musamman mai kula da gangare.

Yadda tsarin yake

Kafin a sare tsauni ko a yi ciko, sai injiniyoyin gwamnati sun tantance zanen aikin. An yi wa kusan gangare 60,000 da aka sare, aka cike ko aka tokare da katanga rajista, kowanne da lambarsa. Kula da gangare da magudanan ruwansa yana wuyan mai filin, kuma hukuma tana iya tilasta masa bincike da gyara idan ta hango haɗari. A unguwar Mid-Levels an ƙara tsaurara sharuɗɗan haƙa. Idan ruwa ya yi ƙarfi, hukumar yanayi tana fitar da gargaɗin zaftarewar ƙasa.