Landan a Idon Baƙin Afirka: Mawaƙa, Sarakuna da 'Yan Jarida

Tun ƙarshen ƙarni na 19 birnin Landan ke karɓar ayarin baƙi daga Afirka, wasu don yin waƙa, wasu don baje sana'a, wasu kuma bisa gayyatar gwamnatin mulkin mallaka. Ko da me aka je yi, akan ware kwanaki na zaga gari, kuma mai masauki ne ke zaɓen abin da baƙo zai gani.

Mawaƙa ne suka fara buɗe hanya. A 1873 ayarin Fisk Jubilee Singers, ɗaliban wata jami'ar baƙaƙen fata ta Amurka, waɗanda akasarinsu an haife su cikin bauta, suka yi waƙa a gaban Sarauniya Biktoriya, suka koma da kuɗin da aka yi gini a jami'arsu. A 1891 wani ayarin daga Afirka ta Kudu ya bi sawunsu, shi ma ya rera waƙa a gaban sarauniyar. Cikinsu akwai Charlotte Manye, wadda daga baya ta zama jagorar gwagwarmayar mata a ƙasarta.

Wuraren da akan kai baƙi ba su cika canzawa ba. Akwai Hasumiyar Landan, wadda Sarki Wiliyam ya fara ginawa bayan ya ci Ingila da yaƙi a 1066, inda ake ajiye kambun sarauta. Akwai majami'ar Westminster, inda ake naɗa sarakunan ƙasar, da majami'ar St Paul da aka sake ginawa bayan gobarar 1666, da fadar Buckingham, mazaunin sarauta tun 1837. Daga nan sai gidan namun daji da jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1863. Manufar a fili take: baƙo ya ga daɗewar sarauta da ƙarfin injuna, ya koma gida ya ba da labari.

Daga ƙasar Hausa, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ya fara wannan tafiya cikin sarakuna masu ci. A 1921 ya je Ingila, ya gana da Sarki Joji na Biyar, ya kuma sauke farali a Makka. Tafiyar ta yiwu cikin sauƙi ne saboda titin jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, wanda ya haɗa ta da tashar jiragen ruwa ta Ikko. Dikko ya sake komawa a 1924, shekarar da aka buɗe babban baje kolin Daular Biritaniya a Wembley.

A wannan baje koli ne al'amarin ya juye. An gina wa Afirka ta Yamma wani gari mai ganuwa irin ta biranen Arewa, aka zaunar da masu sana'o'in hannu a ciki suna aiki Turawa na kallonsu. Mutane kusan miliyan 27 ne suka shiga filin a 1924 da 1925. Yadda wasu jaridu suka yi wa waɗannan masu sana'a ba'a ya fusata ɗaliban Afirka da ke karatu a birnin, kuma wannan ɓacin rai na cikin abin da ya haifar da ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, WASU, a 1925, ƙarƙashin jagorancin Ladipo Solanke.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka tafi tare. Sun je ganin gari, amma rawunansu da alkyabbunsu sun sa masu ɗaukar hoto bin su duk inda suka sa ƙafa. 

Wanda ya kawo wa talaka labarin Landan a rubuce shi ne Abubakar Imam, editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi cikin ayarin editoci takwas na Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe. A can ya gana da Lugga, tsohon gwamnan mulkin mallaka na Najeriya, ya kuma ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya shirya. Abin da ya gani ya tattara shi a littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Bayan Najeriya ta samu 'yancin kai a 1960, ƙasa ce ke tura masu fasaharta su wakilce ta. A bikin fasahar ƙasashen Kwamanwel na 1965, ayarin Duro Ladipo ya nuna wasan Oba Koso a Ingila, daga baya kuma mawaƙan Hausa irin su Ɗan Maraya Jos suka kai kiɗansu ƙasashen waje. Masanin tarihi Moses Ochonu ya nazarci tafiye-tafiyen sarakunan a littafinsa Emirs in London na 2022, inda ya nuna cewa matafiyan ma sun yi ta auna Turawa da ma'auninsu, sun kuma yi amfani da abin da suka gani wajen ɗaukaka martabarsu a gida.