Mallakar Ƙaramar Bindiga Don Kare Kai: Matsayin Doka Ga Al'ummar Isa Da Sabon Birni

Tun lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a gabashin Jihar Sakkwato, tambayar da ake yawan kai wa iyayen ƙasa da kansiloli da jami'an ƙananan hukumomi ita ce, shin mutum yana da damar sayen ƙaramar bindiga ya riƙa ɓoye ta a jikinsa idan zai tafi gona ko kasuwa? Ba a banza ake yin wannan tambaya ba. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A watan Disamba na 2021 aka ƙona motar matafiya da mutanen cikinta a kusa da Gidan Bawa, sannan a 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya kuma rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Duk wanda ke zaune a Turba ko Tidibale ko Gebe ko Tsamaye ya san abin da ake nufi da barin gida da safe ba tare da tabbacin dawowa ba. Wannan bayani an shirya shi ne domin jama'a da shugabanninsu su san abin da doka ta tanada, tun kafin wani ya jefa kansa cikin wata sabuwar matsala.

Mece ce libarba?

Libarba ita ce ƙaramar bindigar hannu mai wani gunduman ƙarfe a tsakiyarta wanda ke juyawa, yana ɗauke da ramukan harsashi biyar ko shida. Duk lokacin da aka ja kunama sai ya juya ya kawo sabon harsashi daidai bakin bututu. Wani Ba'amurke mai suna Samuel Colt ne ya yi wa ƙirarta rajista a shekarar 1836, daga nan ta bazu cikin duniya. 'Yar'uwarta ita ce fistol, wadda ke ɗauke da harsasanta a cikin mariƙi. Ƙanƙantarsu ta sa ana iya soke su a ƙugu ko a sa su a aljihun riga ba wanda ya sani, kuma wannan siffa ce ta sa dokokin ƙasashe da yawa suka fi tsananta musu a kan doguwar bindigar farauta wadda kowa ke gani a kafaɗar mai ita.

Ƙasashe sun sha bamban a kan haka. A Amurka tsarin mulki ya bai wa ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami, shi ya sa mai duba intanet zai ci karo da shawarwari masu yawa a kan irin libarbar da ta fi dacewa da aljihu. Birtaniya kuwa ta haramta wa farar hula yawancin ƙananan bindigogi a 1997, bayan kisan yara 'yan makaranta a garin Dunblane a 1996. Waɗancan shawarwari na Amurka ba su da wani amfani ga mazaunin Nijeriya, domin dokarmu ta bi wata hanya dabam.

Rukunan bindiga uku a dokar Nijeriya

Babbar dokar da ke kula da wannan al'amari ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Dokar ta kasa bindigogi gida uku, kowane rukuni da hukumar da ke ba da lasisinsa.

Rukuni na farko shi ne na haramtattun makamai. A nan aka jera igwa da rokoki da bama-bamai da gurneti da bindigogi masu sarrafa kansu da bindigogin soja, irin su AK-47. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, libarba da fistol su ma a cikin wannan rukuni suke, kowace iri ce, babba ko ƙarama, ƙirar kamfani ko ƙirar maƙerin gida. Sashe na 3 na dokar ya ce ba wanda zai mallaki ɗaya daga cikinsu sai da lasisin da Shugaban Ƙasa ya bayar bisa ganin damarsa. Ke nan baturen 'yan sanda na Isa ko na Sabon Birni ba shi da ikon ba da wannan izini, haka Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, haka shi kansa Gwamna. Duk wata takarda da wani ya kawo da sunan lasisin libarba daga ofishin ƙaramar hukuma ko fadar basarake ko ƙungiyar 'yan banga, ba ta da wata daraja a gaban kotu.

Rukuni na biyu ya ƙunshi bindigogin amfanin kai: bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu, da bindigar iska, da dogayen bindigogin farauta waɗanda girman harsashinsu bai zo daidai da na soja ba. Sufeto Janar na 'Yan Sanda ne ke ba da lasisinsu. A lura da cewa dokar ta fitar da bindigar farauta mai ɗura wa kanta harsashi ko mai wata na'urar ɗuri daga wannan rukuni, kuma a kan haka ne a 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya sa bindigar da ake kira famf-akshan cikin waɗanda ya umarci a miƙa wa 'yan sanda.

Rukuni na uku shi ne na bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, wato bindigar toka ko baushe, irin wadda mafarauta suka gada kaka da kakanni. Doka ta fi sassauci a nan, amma ba ta sake su haka kawai ba: Kwamishinan 'Yan Sanda, bayan ya shawarci Gwamna, yana iya hana mallakarsu sai da lasisi. Don haka mafarauci ya je ofishin 'yan sanda na yankinsa ya ji matsayin bindigarsa. Sai dai kuma ko a nan akwai wurin da ake zamewa. Idan maƙeri ya gajarta bindigar toka ya mayar da ita ta riƙo da hannu ɗaya, ta tashi daga rukuni na uku ta koma na farko, domin dokar ta ambaci ƙananan bindigogi masu aiki da albarushi a fili cikin haramtattu.

Sashe na 6 ya bayyana cewa lasisi ba haƙƙi ba ne da mutum zai tilasta a ba shi, hukuma na iya ƙi. Har ila yau ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda aka sani da shaye-shaye, ko wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali a cikin shekaru biyar da suka gabata.

Hukunci

Wanda aka kama da makamin rukuni na farko ba lasisi, mafi ƙarancin hukuncinsa shi ne ɗaurin shekara 10. Haka hukuncin yake ga wanda ya shigo da shi ta kan iyaka, da wanda ya ƙera bindiga ba izini. Bindigar rukuni na biyu ba lasisi tana iya jawo ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, kuma harsashi shi kaɗai, ko babu bindigar, laifi ne mai zaman kansa. Bugu da ƙari akwai Dokar Fashi da Makami ta 1984, wadda masu gabatar da ƙara kan yi amfani da ita, ita ma ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyun. Kyakkyawar niyya ba ta wanke mai laifi a nan. Abin da kotu ke dubawa shi ne ko an samu makamin a hannun mutum ko ƙarƙashin kulawarsa, da kuma ko yana da lasisi.

Me ya sa jiha ba ta iya ba da izini?

Tsarin Mulkin 1999 ya sa makamai da harsasai da abubuwan fashewa cikin jerin al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. An ga tasirin wannan a maƙwabtanmu. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu. A watan Yuni na 2022 Gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta wuce nan, ta umarci jama'a su nemi lasisin bindiga, ta kuma ce za ta raba fam 500 a kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar. Ba a daɗe ba rundunar 'yan sanda ta amsa cewa an dakatar da ba da lasisi, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, shi ma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya kafa kwamitin sake duba tsarin ba da lasisin baki ɗaya. Saboda haka wanda ke neman lasisin rukuni na biyu ya fara tambayar hedikwatar 'yan sanda ta jiha ko ana karɓar takardu, kada ya miƙa kuɗinsa ga ɗan kamasho.

Gaskiya ne Tsarin Mulki, a sashe na 33, da kuma dokar Final Kod sun yarda mutum ya kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa daga farmaki, muddin bai wuce gwargwadon buƙata ba. Amma kare kai abu ne dabam, mallakar makami kuma abu ne dabam. Mutum na iya fita daga tuhumar kisa saboda ya kare kansa, a kuma ɗaure shi saboda bindigar da ya yi amfani da ita. Ba za a musa ba cewa wannan yana da ɗaci ga manomin da yake ganin masu laifi na yawo da manyan makamai a fili, shi kuwa doka ta ɗaure masa hannu. Muhawara ce da ake ci gaba da yi a ƙasar nan, amma jami'in da aka tambaya wajibi ne ya faɗi dokar yadda take.

Ko da doka ta yarda

Akwai kuma abin da ya kamata a auna ta fuskar amfani. Ƙaramar libarba makamin kusa da kusa ce. Gajeren bututunta ya sa ko gwani bai cika samun abin hari da ita ba idan ya wuce 'yan taku kaɗan, kuma harsashi biyar ko shida ne su ƙare. Masu kai hari a wannan yanki suna zuwa ne a kan babura da yawa, ɗauke da AK-47 mai cin harsashi 30 a gida ɗaya, wadda ke kaiwa nisan mita ɗari uku. Wanda ya zaro libarba a gabansu ya mayar da kansa abin harin farko. Ƙirar gida kuwa ana yin ta ne da bututun ƙarfen da ba a yi shi don jure ƙarfin harsashi ba, tana iya fashewa a hannun mai ita, ko ta tashi da kanta a aljihu.

Haɗari na biyu shi ne shingen bincike. A hanyar Isa zuwa Sabon Birni, ko ta Shinkafi, ko ta Goronyo, jami'in da ya samu ɓoyayyar bindiga a jikin matafiyi ba shi da hanyar sanin ko manomi ne ko ɗan aiken 'yan bindiga. Tun daga Janairun 2022 Gwamnatin Tarayya ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, don haka zargin alaƙa da su ya fi laifin mallakar bindiga nauyi nesa ba kusa ba. Masu tsallakawa Jamhuriyar Nijar ta ɓangaren Maraɗi domin kasuwa ko zumunci su sani cewa ɗauko makami daga can ya zama laifin shigo da makami, ko da kyauta aka ba su.

Hanyoyin da doka ta amince da su

A watan Nuwamba na 2021, bayan kashe-kashen kasuwar Mamande da ta Goronyo, Gwamnatin Jihar Sakkwato ta haramta ƙungiyar 'Yan Sa Kai, saboda an ga yadda ɗaukar doka a hannu ke haifar da ramuwar gayya a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A 2024 jihar ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma wadda dokar Majalisar Jiha ta kafa, kamar yadda Katsina ta yi a 2023, Zamfara kuma ta kafa Askarawanta a farkon 2024. Matashin da ke son ba da gudummawa wajen tsaron garinsu, ta nan ko ta ƙungiyar 'yan banga mai rajista ya dace ya bi. Su ma ma'aikatan waɗannan runduna Dokar Bindigogi tana hawa kansu, kuma kakin aiki ba lasisin libarba ba ne.

A matakin tarayya akwai cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai ta ƙasa, wadda aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, aka kuma yi mata dokarta a 2024. Aikinta ya haɗa da tattarawa da lalata makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba, daidai da yarjejeniyar da ƙasashen Yammacin Afirka suka sa wa hannu a Abuja a 2006.

Ga iyayen ƙasa, hakimai da masu unguwanni

Mai lasisi shi ke da alhakin adana bindigarsa a kowane lokaci. Idan ta ɓata ko aka sace ta, wajibi ne ya sanar da hukumar da ta ba shi lasisin ba tare da jinkiri ba. Ba a ba da aron bindiga, ba a jinginar da ita, ba a sayar da ita hannu da hannu, domin lasisi na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya. Wannan ya shafi rabon gado: idan mai lasisi ya rasu, bindigarsa ba ta wucewa ga magaji kamar yadda gona ko sa ke wucewa. Sai a sanar da 'yan sanda, a ajiye ta a wurinsu har magajin ya samu nasa izinin. Masu rabon gado su riƙa tambayar wannan tun da farko.

Wanda ya tsinci bindiga a gona ko a daji bayan wani hari, kada ya ɗauka ya kai gida, kada kuma ya naɗe ta a buhu ya kama hanyar gari shi kaɗai. Ya bar ta inda take, ya hana yara zuwa wurin, ya sanar da mai unguwa ko hakimi, su kuma su kira baturen 'yan sanda ko sansanin jami'an tsaro mafi kusa. Haka wanda ya riga ya mallaki ƙaramar bindiga yake son rabuwa da ita: ya fara sanar da uban ƙasarsa, a shirya ranar miƙawa tare da shaidu, a kuma karɓi takardar shaidar miƙawa mai ɗauke da kwanan wata da sunan jami'in da ya karɓa. Inda akwai layin waya, lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.