Darussan makahon malami da kaset ɗin ɗalibansa

A gidaje da dama na Magarya da Dungas akwai akwatin ƙarfe cike da kaset-kaset: tafsirin azumi, karatun wani malamin zaure da ya riga mu gidan gaskiya, waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo. Rikodar da ke juya su kuwa ta daɗe da mutuwa. Masu irin wannan akwati sun cancanci su ji abin da ya sami darussan wani makahon malami a ƙasar Ajantina.

Jorge Luis Borges, marubucin da aka haifa a 1899, ya zama malamin adabin Ingilishi a Jami'ar Buenos Aires a 1956, lokacin da idanunsa suka daina ganin rubutu. Don haka da ka yake koyarwa, baitoci kuma daga hadda yake jawo su. Tsakanin Oktoba da Disamba na 1966 ya ba da darussa 25. Ya daɗe a kan waƙoƙin tsohon Ingilishi irin su Beowulf, bai ware wa Shakespeare darasi ko ɗaya ba (abin da sufeton makarantunmu ba zai yafe ba), ya sauka kan Samuel Johnson, gwanin feɗe waƙa na ƙarni na 18, sannan ya bi ta kan Wordsworth da Coleridge har ya kai ga Stevenson.

Ɗalibansa ne suka naɗi muryarsa, kuma don jarrabawa suka yi. Su naɗa, su kwafe a takarda, su raba wa juna. Kaset ɗin sun ɓace. Takardun ne suka tsira, amma da tabo. Masu kwafar ba su san yawancin sunayen Turawan ba, sai suka rubuta abin da kunnensu ya ba su, har sunan Dokta Jekyll na labarin Stevenson ya fito da kamanni iri-iri. Duk malamin da ya taɓa gyara shiftar Faransanci ya san wannan ciwo. Sai da Martín Arias da Martín Hadis suka bi sunayen da baitocin ɗaya bayan ɗaya suna maido su, kafin littafin ya fito a 2000, fassararsa ta Faransanci kuma a 2006.

Akwai wasu laccoci shida a kan fasahar waƙa da Borges ya gabatar a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1967 da 1968. Waɗannan jami'ar ta adana faifansu. Sun kwanta a ma'ajiya fiye da shekara talatin, aka gano su, aka buga su a 2000 tare da muryar. Nan ne bambancin yake. Mai sauraro yana jin inda malamin ya yi jinkiri, inda ya ja baiti, inda ya sa mutane dariya. A darasin waƙa wannan rabin karatun ne, kamar yadda Bahaushe bai cika gane karin waƙa ba sai ya ji an rera ta.

Nijar ta san darajar wannan aiki da wuri, domin tun 1968 aka kafa a Yamai cibiyar tattara adabin baka da ake kira CELHTO a yau. Sai dai abin da ke cikin akwatunan gidaje bai kai can ba, zafi da ƙurar hunturu kuma suna cin zaren kaset a hankali. A 2019 UNESCO ta yi gargaɗin cewa na'urorin da ke karanta irin wannan zare, da kayan gyaransu, suna gab da ƙarewa. Borges ya rasu a Janeba a 1986, shekara goma sha huɗu kafin littattafan biyu su fito.