Ma'anar kalmar Turanci "ruthlessly" da yadda ake amfani da ita

Masu karanta Littafi Mai Tsarki na Turanci da masu yin tafinta a lokacin wa'azi sukan ci karo da wannan kalma. Bayanau ce, wato tana nuna yadda aka aikata abu. A Hausa mukan ce "ba tausayi".

Tushenta tsohuwar kalma ce, "ruth", mai nufin tausayi, wadda Turawa suka daina amfani da ita a maganar yau da kullum. Aka ƙara mata "-less", mai nuna rashi, sannan "-ly". Ba ta da wata dangantaka da Rut, surukar Na'omi, wadda sunanta daga Ibrananci yake. Rubutun ne kawai ya zo ɗaya.

Tana da 'yan'uwa biyu, amma ba ɗaya suke ba. "Harshly" tsanantawa ce, kuma uba mai ƙaunar ɗansa ma yana iya tsawata masa haka. "Cruelly" mugunta ce, inda azabtarwar kanta take gaba. Mai aikata abu "ruthlessly" kuwa yana da abin da yake nema, kuma wahalar wani ba za ta tsayar da shi ba.

Fassarorin NIV da ESV sun sa ta a Fitowa 1:13-14, inda Masarawa suka tilasta wa Isra'ilawa yin tubali da aikin gona. Ta dace da wurin, gama Fir'auna yana da manufa: a gina masa biranen ajiya, a kuma hana jama'ar ƙaruwa. Kalmar Ibranancin nan ta sāke fitowa a Littafin Firistoci 25:43, 46 da 53, inda aka hana a mallaki Ba'isra'ilen da talauci ya sa ya sayar da kansa ta wannan hanya. Abin da aka yi musu a Masar shi ne aka hana su yi wa juna. Saboda haka muna ba mai tafinta shawara ya riƙe kalma ɗaya a wuraren biyu, domin jama'a su ji haɗin.

A jaridu kuma a lura. Idan aka ce ƙungiyar ƙwallo ta ci abokiyar karawarta "ruthlessly", yabo ne, ana nufin ba ta yi sassauci ba. A nan "ba sani ba sabo" ya fi dacewa.