Tarihin Haɗa Launi a Yumɓu da Laka a Ƙasar Kano

Haɗa launi a yumɓu da laka fasaha ce da maginan tukwane da maginan ɗakuna suka daɗe da ita a ƙasar Hausa. Da ƙasa da kwasfar 'ya'yan itatuwa da toka da wuta suke aiki, har abin da suka gina ya fito ja, ko baƙi, ko fari, ko ruwan ƙasa mai sheƙi. A karkarar da ke arewa maso yamma da birnin Kano, wato Dawanau da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, wadda aka sani da ginin tukwane, yawancin kayan haɗin a gona da bakin kududdufi ake samun su. Babban abin lura a wannan fasaha shi ne ado da kariya tare suke tafiya: abin da ya ba tukunya ko bango launi, galibi shi ne yake tsare shi daga ruwa.

Asali

Jar ƙasar Kano ta sami launinta ne daga sinadarin ƙarfe da ke cikinta. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narkar da tama a gindin Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Da wannan ƙasa aka fara ganuwar birni a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134), da ita kuma Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya gina gidan sarautar da ake kira Gidan Rumfa. Kududdufan da ke cikin birni da ƙauyuka ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ita ma tana da hannu a tarihin, domin daga marina ake samun ɗaya daga cikin muhimman kayan shafen bango.

Launin tukwane

Maginin tukunya yana samun launi ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce shafe. Idan tulu ko randa ta sha iska, sai a dama jar ƙasa mai laushi a shafe ta, a goge da dutse mai santsi ko da ƙwallayen kuka da aka shirya a zare, har fuskar ta yi sulɓi. Gugar tana toshe ƙananan ƙofofin yumɓun, tana kuma sa jan ya fito sosai bayan gashi. Wasu maginan suna amfani da ƙasa mai ƙyalli, wadda take sa tulu walƙiya kamar an barbaɗa masa zinariya.

Hanya ta biyu ita ce sarrafa wuta. A fili ake gasa tukwanen gargajiya, da itace da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu. Inda iska ta shiga sosai, ƙarfen da ke cikin yumɓun yakan koma ja. Inda aka danne wutar hayaƙi ya turnuƙe, sai wurin ya yi baƙi. Shi ya sa ake ganin tukunya ɗaya da ja a gefe, baƙi a gefe. Gwanin magini ya san yadda zai jera kayansa da lokacin da zai rufe wuta don ya sami abin da yake so.

Ta uku ita ce yayyafi. Ana jiƙa kwasfar ɗorawa ko bagaruwa, a yayyafa ruwan a kan tukunya tana fitowa daga wuta da zafinta. Nan take sai ta yi duhu, ta ɗauki sheƙi, ta kuma rage tsatsafar ruwa. Randar ruwan sha kuwa ba a son a toshe ta gaba ɗaya, domin ɗan gumin da take yi shi ne yake sanyaya ruwa.

Launin bango da daɓe

A ginin ƙasa, makuba ce kan gaba. Kwasfar ɗorawa ce ake dakawa a jiƙa, a kwaɓa da jar ƙasa, a yaɓa da hannu. Tana ba bango launin ja mai duhu, tana kuma sa ruwan sama ya zame. Ba ta dawwama. Sai ana sabunta ta bayan 'yan damuna. A gonakin Dawanau da kewaye, inda jama'a suke da yawa kuma ake nome kusan kowane taƙi, manoma sun saba barin ɗorawa a tsaye a tsakiyar gona. Daga itace guda ake samun garin ɗorawa da kalwar daddawa da makuba. Da ruwan makuba kuma mata suke jiƙa daɓen ɗaki, su yi ta bugu da madaɓi har ya yi ƙarfi ya yi duhu.

Wanda ya fi makuba ƙarko shi ne laso. Kayan haɗinsa uku ne: katsi, wato laka da tokar da suke kwantawa a gindin karofi, wadda ake kwashewa a busar a ƙona a daka, gashin jima daga majema, da kuma yauƙin dafara. Laso yana fitowa ruwan toka, ana shafe rufin soro da tozon katanga da shi, da shi kuma ake shafe cikin ramin rini kansa. Ke nan sai marini da majemi sun gama nasu aikin kafin magini ya sami abin shafe. Farar ƙasa ita ce ta cikin ɗaki da zaure, inda ake son haske, wani lokaci a ɗiga mata shuni ko bula ta yi shuɗi-shuɗi.

Wannan ilimi ya kai ƙololuwa a manyan gine-gine irin Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a farkon rabin ƙarni na 19, da sorayen fadar Kano, da gidajen unguwar Birni a Damagaram masu zane da launi a fuskar zaure.

Sauyin ƙarni na 20

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, bayansa siminti da kwanon rufi da fentin gwangwani suka yi ta shigowa. Masu hali suka fara yi wa zanen ƙofar gida ado da kore da rawaya da shuɗi masu haske. Kamfanin siminti na Sakkwato, wanda aka kafa a 1962, ya ƙara kusanto da siminti ga talaka. Sai dai simintin da aka shafa a kan ginin ƙasa yakan ɓamɓare, domin ba ya mannewa da ƙasa yadda makuba take yi, kuma yana riƙe damshi a ciki.

A fannin tukwane, Bature Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, a farkon shekarun 1950. Ya kawo gashi a murhu mai tsananin zafi da shafe mai narkewa ya zama kamar gilashi, wanda ake haɗawa daga toka da dakakken dutse na gida. Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, ta yi suna a duniya. Hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Yumɓun roba

A Turai kuma wani sabon abu ya bayyana: yumɓun roba, wanda ba ƙasa a cikinsa, daga robar PVC ake yin sa. Fifi Rehbinder, 'yar mai yin 'yartsana Käthe Kruse, ta fara sarrafa shi a Jamus a 1939. Kamfanin Eberhard Faber ya sayi sirrin haɗin a 1964, ya fitar da shi da sunan Fimo; a Amurka kuma aka sami Sculpey a shekarun 1960. A yumɓun roba, tun kafin a gina komai ake haɗa launi. Ana yanka ja da rawaya da shuɗi da fari da baƙi bisa awo, a murje su tare, sau da yawa da injin taliya, sannan a gasa ɗan guntu a gani, domin wasu launukan suna ƙara duhu a wuta. A shekarun 1990 Judith Skinner ta fito da dabarar jera launi biyu a ninka a yi ta murzawa har ɗaya ya shige cikin ɗaya a hankali. Zafin da yumɓun roba yake buƙata bai wuce digiri 110 zuwa 130 ba. Ya dace da 'yan kunne da duwatsun wuya da ƙananan kayan ado, amma ba a girki ko ajiye abinci a cikinsa.

Halin da ake ciki

Tun da aka buɗe kasuwar hatsi ta Dawanau a 1985, rumbunan bulo da siminti suka yi ta cin gonakin bakin hanyar Katsina, robobi da tukwanen dalma kuma suka rage kasuwar yumɓu. Duk da haka randa da tulu da tanda da kaskon turare da asusu suna nan a kasuwannin Kano. Abin da ya fi fuskantar haɗari shi ne awon haɗin: yawan katsi da gashi a laso, tsawon jiƙon makuba, ramin da ƙasarsa ta fi ja. Masu yumɓun roba suna rubuta nasu awon a littafi, namu kuwa a ƙwaƙwalwar dattawan magina yake. Gyaran ganuwa da Gidan Makama da tsofaffin soraye ba zai yiwu yadda ya kamata ba sai da wannan sani, don haka rubuta shi daga bakin masu shi, da koyar da shi ga matasa, aiki ne da ya rataya a wuyan jami'o'i da hukumomin adana kayan tarihi.